Hanyoyin kauce sun cinye min takardar yanayin amfani, a ina zan yanke?

Salam 'yan uwa. Ina tattara buƙatun manhajar wani shagon magani a Kano, kuma kwana 5 ke nan na maƙale a kan yanayin amfani guda ɗaya (wato bayanin matakan da mai amfani da manhaja ke bi don kammala wani aiki): "Sayar da magani".

Babbar hanyar ba ta da matsala, mataki 8 ce, daga neman magani a rumbun bayanai zuwa buga rasit. Da na zauna bayan kantar shagon na wuni biyu sai komai ya dagule. Wani ya sayi rabin kati, ba kwali ba. Wata ta tura kuɗi ta waya, alat bai shigo ba, tana tsaye da yaro a goye yana ta tari. POS ya cire kuɗi bai fitar da takarda ba. Ga masu karɓa bashi sai ƙarshen wata. Duk na rubuta su a matsayin hanyoyin kauce, wato matakan da ake bi in abu ya saɓa wa babbar hanyar, yanzu sun kai 23, takardar ta zama shafi 11. Mai shagon ya buɗe, ya rufe.

Na gwada raba su, kowanne ya tsaya da kansa. Sai matakan biyan kuɗi suka maimaitu wuri 6, in na gyara ɗaya na manta sauran. Na zana hoton UML (tsarin zane da ake nuna fasalin manhaja da shi), mai shagon ya gane, amma mai rubuta kod ya ce zanen bai gaya masa abin da manhaja za ta yi in alat ya makara ba. Gaskiyarsa ne.

Wace ƙa'ida kuke bi wajen tantance abin da zai zauna a hanyar kauce, da wanda ya cancanci zama yanayin amfani mai cin gashin kansa? Na gode.