Musayar waƙa: kujerun Tampa da ba kowa

Bala Fila:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya Talata, 3 ga Oktoba 2023, Rays, ƙungiyar yankin Tampa a jihar Fulorida ta Amurka, suka karɓi Rangers na Teksas a filin Tropicana, wasan farko na zagayen fitar da gwani a besbol. Mutum 19,704 kacal suka shiga. Rabon da a ga irin wannan ƙarancin a wannan mataki tun 1919, in an cire shekarar korona. Mu nan Filadelfiya a daren jiyan, a wasan ƙungiyarmu Phillies, mun haura dubu 45. Ɗan Tampa, fito ka karɓi saƙonka:

Ɗan Tampa ina ka ɓuya ne?
Filinku jiya ai kango ne,
Kujeru na kukan maraici ne,
Shiru kamar gidan rasuwa.

Wasa casa'in da tara sun ci,
Yara sun yi gumi, sun yi ƙwazo ba ha'inci,
Ran biki kuka bar su da ƙunci,
Amarya ta iso, gida ba kowa.

Ɗan Tampa:
Wa alaikumus salam Yaya Bala. Ni dai na je. Na ajiye tasina, na yafe kuɗin wuni guda, na sayi tikiti. Daga inda na zauna har muryar mai tallan gyaɗa na ɗaya ɓangaren nake ji, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da yadda ya yi maka daɗi. Amma saurara:

Yaya Bala, ba ka san hanya ba,
Ƙarfe uku na rana, ba dare ba,
Talata ce kuma, ba Asabar ba,
Wa zai bar aiki ya tafi kallo?

Gadar Howard Frankland ka taɓa hawa?
Mota bayan mota, ba motsawa,
Ka fito da azahar, la'asar na kawowa,
Kafin ka iso an jefa ƙwallo.

Filin ma ba a Tampa yake ba, yana St. Petersburg, sai ka ƙetare ruwa.

Hajiya Bronx:
Kai madalla ƙanena! Allah ya ƙara basira, kallo da ƙwallo sun zauna daram. Bala, an ba ka amsa. Sai dai ni ma, 'yar Bronx ta New York, gidan ƙungiyar Yankees, ina da tawa:

Rabin Fulorida baƙi ne namu,
Sun tsufa sun gudu daga sanyinmu,
Sun tafi da hular Yankees tamu,
Zuciya na Bronx, jiki na can.

Bala Fila:
Hajiya, da girman kujerarki,
Bana Yankees sun kwana a ɗaki,
Ko ƙofar gasar ba su kai ba, ki duba ki,
Mai kallo ta taga ba ta rabon nama.

Ɗan Tampa, gada ce ta hana ku?
Da kofi ne aka ajiye dominku,
Da kun yi iyo da rigunanku,
Kun ƙetare ruwan ba gardama.

Malam Na-Aruli:
Ku dakata. Bala, «Wasa casa'in da tara sun ci» gaɓa goma ce. Ɗangon da ya biyo, «Yara sun yi gumi, sun yi ƙwazo ba ha'inci», gaɓa goma sha huɗu. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, baitin na ɗingishi. Sannan jera «ne, ne, ne» ba amsa-amo ba ne, maimaita kalma ce. Kai ma Ɗan Tampa da «ba, ba, ba» ɗinka laifinku ɗaya. «Ki duba ki» kuwa cusa shi aka yi don a cike gurbi.

Hajiya Bronx:
Malam, Ɗan Tampa bai karya kari ba. Ka rera shi da baki ka ji, kada ka ƙirga da yatsa.

Malam Na-Aruli:
Na rera, Hajiya. A «la'asar na kawowa» numfashina ya ƙare. Makaɗi yana da kalangu da zai rufa masa asiri, marubuci ba shi da komai sai awo.

Bala Fila:
Malam mun zo zancen fili,
Ka shigo da ma'auni da alli,
In kai gwani ne a kan asali,
Zubo naka baitin mu gani.

Malam Na-Aruli:
Zan zubo bayan isha'i in sha Allah.

Sani Okland:
Kun cika zauren da ƙirgen gaɓa har an bar maganar. Ni Okland nake, kuma wannan zance ya taɓa ni. Bana ƙungiyarmu ta A's ta sha kashi sau 112, mai ita yana shirin kwashe ta zuwa Las Vegas. Ran 13 ga Yuni muka yi gangami a filin wasanmu, mutum sama da dubu 27, da korayen riguna, muna kiran ya sayar da ita. Na ga wani dattijo a gefena riƙe da hannun jikansa yana share hawaye. Wa zai ce wannan ba masoyi ba ne don bai zo sauran ranakun ba?

Kujera ba ta auna so, Bala,
Wani ya ƙi zuwa ne don wahala,
Wani fushi ne ya hana shi, wallah,
Yana gida da rediyo a kunne.

Ɗan Tampa:
Allah ya biya ka Sani, kai ne sarkin zauren nan yau. Ga ƙari: Lightning masu ƙwallon gora ta kan ƙanƙara a tsakiyar Tampa suke wasa, kuma zaurensu cika yake yi. Garin ɗaya ne, mutanen ɗaya ne.

Bala Fila:
Ka kawo hujjar da ta kashe ka,
Kofi biyu a jere ya ja ka,
2020 da 2021, ga shaidarka,
Masoyan kofi, ba na ƙungiya ba.

Yau Laraba kuma mutum 20,198 ne suka shiga filinku. Rangers sun yi muku 7 da 1, an tattara ku. Mu ma 7 da 1 muka yi wa Marlins na Mayami. Fulorida biyu a rana ɗaya.

Hajiya Bronx:
Malam, isha'in wace rana?

Ɗan Tampa:
Sati uku na yi shiru ina jira. Bala, jiya 24 ga Oktoba Arizona ta zo har gidanku, wasa na bakwai a zagayen kusa da na ƙarshe, ta ci 4 da 2, bayan ta ci na shida shekaranjiya a wannan filin.

Yaya Bala, filinku ya cika maƙil,
Ihu har ana jin sa a mil,
Ga jan kyalle kowa na kaɗawa,
To ina amfanin yawan taruwa?

Malam Na-Aruli:
Ka fara da amsa-amo ɗaya ka ƙare da wani. Wannan ƙwar biyu ce guda biyu, ba ƙwar huɗu ba.

Bala Fila:
Malam, bar shi yau, ya samu rana. Ina cikin filin, ƙanena. Da aka kama ƙwallon ƙarshe ba wanda ya motsa a layinmu. Wani da ban taɓa gani ba ya dafa kafaɗata, muka sauko matakala tare har bakin jirgin ƙasa.

An ci mu, ban musa maka ba,
Amma yaranmu ba su juya ba
Suka ga kujera babu mai ita ba,
Mun tsaya har aka kashe fitila.