Distiribitan AMF 82-70 na tsallake gurbi, ina mafita?

Salamu alaikum, injiniyoyi. Ina neman shawara kan injin jera kwalaben wasan bolin (wasan da ake mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe goma) ƙirar AMF 82-70.

Distiribita, wato hannun da ke rarraba kwalabe cikin gurabensu, ya kamata ya zuba kwalba ɗaya a kowane gurbi cikin goman, ya ƙare da na 9, inda makunnin da ke nuna guraben sun cika yake. Wannan kuwa bayan kamar zagaye ashirin sai ya wuce gurbi na 7, ya jibga biyu a na 8, su cushe.

An sauya bel ɗinsa, an goge fatar kuloci babu ɗigon giris, an sa wa hannun da kwalba ke dannawa sabon sifirin. Haƙoran ƙaramar giya lafiya lau. Abin da ya ɗaure min kai: idan aka ƙara matse sifirin kuloci tsallaken yakan ƙaru, idan aka sassauta kuma sai distiribitan ya tsaya cak a hanya.

Na fi zargin ɗan ƙarfen da ke tsayar da juyawar, don bakinsa ya lashe har yana sheƙi. A cike shi da walda a goge, ko sai sabo? Kuma da me kuke auna matsin kulocin?