Wane tsibiri ne a Amurka ya cancanci kwana uku daga hutun dattijo?

Alhaji Mamman, Tawa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san Amurka a cikinku. Babban ɗana yana zaune a Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa, inda ƴan Nijar suke da yawa, kuma ya daɗe yana roƙon mu je ni da mahaifiyarsa mu ga jikokin da ba mu taɓa ɗauka a hannu ba. Takardunmu sun kammala, saboda haka ba batun biza ne ya kawo ni ba. Abin da nake so shi ne, a cikin wata gudan da za mu yi, mu ware kwana uku ko huɗu mu je wani tsibiri. Ni mutumin Adar ne, ruwan da na sani bai wuce tafkin Tabalak ba, sai kogi idan na sauka Yamai, kuma tun ina ɗan lakkal nake mamakin yadda mutane suke zama a ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Yaron ya ambaci Hawayi, amma da na ji kuɗin jirgi da nisan tafiyar sai na ce a bar wannan magana. Ba na son wurin cunkoso da kiɗa da shashanci. Ina son wuri mai natsuwa wanda dattijo zai zauna da iyalinsa ba tare da ya riƙa kawar da kai ba. Muna tsakanin zuwa a watan Agusta ko a jinkirta zuwa Oktoba.

Sani, Yamai

Wa alaikumus salam, Baba Alhaji. Na yi karatu a wannan jihar, kuma tsibirin da zan fara ambata shi ne Ocracoke, domin yana cikin jihar da ɗanka yake zaune. Babu gada zuwa can, sai jirgin fito wanda yake ɗaukar mutane tare da motocinsu, kuma idan aka shiga daga Swan Quarter ana yin fiye da awa biyu a kan ruwa, abin da nake jin shi kaɗai zai biya maka wani ɓangare na burinka. Tsibirin siriri ne mai tsawon kusan kilomita 26, ƙauye ɗaya ne tak a gefensa, saura kuwa rairayi ne da hukuma ta hana a yi gini a kai, har mutum yakan yi tafiya mai nisa bai gamu da kowa ba. Akwai farar hasumiya da aka gina a 1823 wadda har yau fitilarta take yi wa jiragen ruwa jagora, kuma a ruwan wurin ne aka kashe shahararren ɗan fashin teku Blackbeard a 1718.

Sai dai a kula da lokaci. Guguwar teku tana da kakarta, daga Yuni zuwa Nuwamba, kuma ta fi tsanani a Agusta da Satumba. A Satumban 2019 guguwar Dorian ta shigar da ruwa cikin gidajen ƙauyen. Da ni ne, ƙarshen Oktoba zan zaɓa. Sannan kada a bar jikoki su shiga ruwa da nisa, domin teku ba kogi ba ne, yana da igiyar da take jan mutum ciki ko da ya iya iyo.

Malam Abdu, Yamai

Alhaji, ban ƙi abin da ƙanena Sani ya faɗa ba, amma rairayi ba baƙon abu ba ne ga mutumin Tawa. Idan har za a ɗauki ɗawainiyar tafiya, ni a ganina a je inda ƙasar take da abin da za ta faɗa mana, kuma wannan wurin shi ne Sapelo, a gaɓar jihar Jojiya, tafiyar kimanin awa shida a mota daga Greensboro.

A wannan tsibirin ne Bilali Muhammad ya rayu. Musulmi ne mai ilimi daga Timbo a Futa Jalon, cikin ƙasar Gini ta yau, wanda aka kama aka sayar, ya biyo ta tsibiran Bahamas, daga baya ya faɗa hannun Thomas Spalding, mai gandun auduga da rake a Sapelo, a farkon ƙarni na 19. Spalding ya ɗora shi a kan sauran bayin gandun. Duk da halin da ya tsinci kansa, bai bar salla da azumi ba, ya kuma sa wa ƴaƴansa sunaye irin namu, har da Fatima da Madina da Binta. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗan littafi mai shafi 13 da ya rubuta da hannunsa cikin Larabci, da irin rubutun da muke gani a allunan makarantunmu, a kan alwala da kiran salla da sauran hukunce-hukuncen ibada. Turawa sun daɗe suna zaton labarin rayuwarsa ne ya rubuta, sai da masanin harsuna Joseph Greenberg ya nuna wa malamai a Arewacin Nijeriya, ya kuma wallafa a 1940 cewa rubutun yana da nasaba da littafin Risala, wanda kowane almajirin fiƙihun Malikiyya a ƙasar nan ya sani. Ka duba wannan al'amari, Alhaji: rubutun da ya gagari masana a can, a zauren malaman ƙasar Hausa aka fara gane bakin zarensa. Littafin yana ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya, ba a tsibirin ba, don kada ka je da zaton za ka gan shi.

Abin da za ka gani shi ne ƙauyen Hog Hammock, inda ƴan tsirarun mutane suka rage daga zuriyar bayin tsibirin, da yawansu kuma suna danganta kansu da Bilali. Kiristoci ne a yau, kuma ana kiran al'ummarsu Gullah Geechee. Suna fama da masu kuɗi da suke son sayen filayensu da kuma harajin ƙasa da yake hauhawa, saboda haka wanda ya je ya kwana a masaukinsu, ya ɗauki ɗan jagora daga cikinsu, ya taimaka musu ke nan. Jirgin fito yana tashi daga Meridian, kusa da garin Darien, tafiyar kusan rabin awa ce, amma ba a barin mutum ya hau sai sunansa yana cikin masu ziyarar da aka tsara, ko kuma wani mazaunin tsibirin ya san da zuwansa. Dole ne ɗanka ya shirya wannan tun kafin ku sauka. Idan lokaci ya ba da dama, tsibirin St. Simons yana kusa, ana shiga da mota ta gada, kuma can ma wani Bafulatani daga Masina mai suna Salihu Bilali ya yi zaman bauta yana riƙe da addininsa.

Hajiya Zara'u, Tawa

Malam ya yi bayanin da ya ratsa jiki, amma ku maza kun manta cewa tare da Hajiya, matar Alhaji, za a yi tafiyar. Sapelo ba wurin jin daɗi ba ne ga mai ciwon gwiwa. Babu kasuwa, babu asibiti, abinci sai wanda mutum ya taho da shi ko ya yi alkawari da masu masauki, sauro da ƙudan cizo kuma a lokacin zafi sun fi na fadama. Shawarata ita ce a yi Sapelo da yini ɗaya, a tafi da safe a dawo da yamma, sannan a kwana a wani wuri mai sauƙi. Ƙanwata ta taɓa kai ni St. Helena a Karolina ta Kudu, wanda yake kan hanyarku kuma gada ta haɗa shi da garin Beaufort. A can ne aka buɗe makarantar Penn a 1862 domin koyar da ƴantattun bayi, kuma Martin Luther King, jagoran neman ƴancin baƙaƙen fata, ya sha zuwa wurin yin shawara da abokan gwagwarmayarsa. A wannan yanki na ga mata suna saƙa faifai da kwanduna da ciyawa, saƙar da ba ta da bambanci da tamu sosai, har na tsaya ina kallon hannun wata tsohuwa kamar ina tsakar gidanmu.

A kula da abinci ƙwarai. Suna da jar shinkafa mai kama da dafa-duka, amma sau da yawa da naman alade ake dafa ta, haka ma ganye da wake. A riƙa tambaya kafin a ci. Kifi da jatan lande da ƙaguwa suna nan a wadace, kuma su ne mafita.

Sani, Yamai

Gaskiyar Hajiya Zara'u ce a kan sauro, shi ya sa ma Oktoba ta fi. Tun da na san mutanen Adar da son dawaki, bari in ƙara ɗaya ko don wata shekarar. Tsibirin Mackinac yana cikin tafkin Huron a jihar Mishigan, ruwansa ba na gishiri ba ne, kuma tun 1898 aka hana motoci yawo a cikinsa, sai keken doki da keke da ƙafa, har kayan shaguna a amalanken doki ake kai su. Matsalarsa ita ce nisa daga inda za ku sauka, sai an hau jirgin sama, ga tsadar masauki, kuma zuwa ƙarshen Oktoba sanyi ya shigo, yawancin otal-otal suna rufewa. Idan dawakin ne kawai, tsibirin Cumberland yana kudu da Sapelo kaɗan, ana shiga da jirgin fito daga St. Marys, kuma akwai dawakin da suke kiwon kansu a kangon gidan attajiran nan iyalan Carnegie, sai dai tafiyar ƙafa a can tana da yawa.

Alhaji Mamman, Tawa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na karanta wa Hajiya abin da kuka rubuta, ta ce ita faifan nan take son gani, ni kuma maganar Bilali ta hana ni barci jiya. Mun tsayar da Oktoba. Na kira yaron na ce ya nemo mana masauki a Beaufort na kwana biyu, ya kuma sa sunayenmu a jirgin fiton Sapelo, sai ya ce shekararsa tara a ƙasar bai taɓa jin sunan tsibirin ba. Malam Abdu, saura tambaya ɗaya: shin an san inda kabarin Bilali yake, ko kuwa sai dai mutum ya tsaya a maƙabartar tsibirin ya yi addu'a ga duk Musulmin da suke kwance a wurin?