Danshi da fumfuna a ɗakunanmu: abin da kowa ya gani da idonsa

Mai sayar da shadda, Agege, Legas

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Damina uku ke nan a jere ina fama da abu ɗaya, kuma na gaji da sayen magani alhali ban san cutar ba. Ni haifaffen Kano ne, inda muka saba cewa abin da ruwa ya jiƙa da safe rana za ta busar da shi kafin la'asar, amma zaman Legas ya nuna mini cewa wannan sabo ba ya aiki a nan. Ɗakin da nake ajiye kaya yana ƙasan bene, taga ɗaya gare shi, ita ma na sa an toshe ta da katako saboda ɓarayi. A watan Yunin da ya wuce na ɗaga bandir ɗin da ke can ƙasa, sai na tarar baƙaƙen ɗigo sun bi ninkin yadin kamar an yayyafa masa tawada, kwalin da ke ƙarƙashinsa kuwa ya yi laushi har yatsa yana nutsewa. Bangon ya yi duhu daga daɓe zuwa daidai gwiwa, fenti ya kumbura yana ɓarewa, ga wani farin gari kamar kanwa da ke sake fitowa ko da jiya na share shi. Sau biyu ina sa a kankare a sake fenti, na biyun ma da fentin mai, amma bai kai wata huɗu ba ya sake tashi. Ina roƙon duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya faɗa mana abin da ya yi, wanda ya amfana da wanda bai amfana ba.

Tsohon birkila, Fatakwal

Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Na shekara fiye da 30 ina gini a garin nan, inda ruwan da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,000, wato sama da ninki biyu na abin da Kano take samu, kuma alamun da ka lissafa na san su sarai. Idan duhun ya tsaya a gwiwa ko ƙugu, ga kuma farin gari, to ruwa ne yake hawowa daga ƙasa. Bulo yana shan ruwa kamar yadda lagwani yake shan kananzir, yana tafe da gishirin ƙasa, ruwan ya bushe ya bar gishirin a fuskar bango, shi ne yake ture fenti.

Abin da ke tare wannan shi ne abin da muke kira di-fi-si, wato leda mai kauri da ake shimfiɗawa a kan bulon fandisho da kuma ƙarƙashin jaman fulo (daɓen farko na ginin) kafin a zuba kankare, kuma ƙa'ida ita ce ta ɗara ƙasan waje da aƙalla inci shida. Sau da yawa mai gida yana ganin kuɗin ledar ɓarna ce, ko a shimfiɗa ta leburori su huda ta da rodi da tayar baro ba wanda ya kula. Amma abin da ya fi ba ni takaici shi ne wani gida da na gina da hannuna, na sa leda yadda ya kamata, bayan shekara shida aka kira ni wai bango yana tsattsafo da ruwa. Da na je na sa diga a gindin bangon, sai na ga an cike tsakar gidan da ƙasa an malala siminti har ya haura ledar da kusan taƙi ɗaya, kuma gangarar ta nufo ɗaki maimakon ta nufi kwata. Ruwan rufi yana zuba a nan, ya kwanta, ya shiga ta saman ledar. Muka fasa simintin gefen bangon, muka yi ƙaramar magudana mai gangara zuwa lambatu, muka sa indararo, muka sassaƙe filasta har wajen mita ɗaya, muka bar bulon tsirara har rani ya ratsa shi. Sannan muka yi sabuwar filasta da yashi mai tsabta, wanda ba na bakin ruwan gishiri ba, muka haɗa da maganin hana ruwa.

Fentin mai da ka sa, Alhaji, ƙara wa Borno dawaki ka yi, domin yana toshe hanyar da bango yake fitar da laima. Haka masu manna tayil a gindin bango. Ruwan ba ya komawa ƙasa, sai dai ya haura ya ɓullo a saman tayil ɗin. Kafin ka sake kashe ko sisi, ka yanko farar leda kamar faɗin littafi, ka manna ta a bangon da salatif ta kusurwa huɗu yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta kwana biyu. In raɓa ta taru a bayanta, ruwan daga cikin bango yake. In a fuskarta ta waje ta taru, to iskar ɗakin ce take da laima.

Uwar yara huɗu, Zangon Kumasi

Sannunku da ƙoƙari. Baba birkila, Allah ya ƙara lafiya, ni tawa matsalar ba daga ƙasa ta zo ba, kuma abin da ta taɓa ya fi kaya tsada. Ɗana na uku ya shafe watanni yana tari da dare, ƙirjinsa yana ƙara kamar usur, mu je asibiti a ba da magani ya lafa, mu dawo gida ya tashi. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta tambaye ni ko ɗakin da yake kwana yana da warin danshi, na ce a'a, domin hancina ya riga ya saba. Da na dawo na sa aka janye kabad ɗin tufafi daga jikin bango, wallahi sai da gabana ya faɗi: bayan katakon ya yi kore da baƙi tun daga sama har ƙasa, takalman sallah na fata sun yi fari fat da fumfuna, katifar yaron da ke shimfiɗe a kan daɓe kuwa ƙarƙashinta ya yi ɗigo-ɗigo. Laifin har da nawa, domin idan ruwa ya ƙi ɗaukewa a cikin ɗakin nake shanya wanki, tagogi a rufe saboda sauro.

Katifar dai mun jefar da ita, domin soso idan fumfuna ta shige shi ba ya wankuwa. Bangon na wanke da sabulu, na bi da ruwan bilic da aka sirka, tagogi a buɗe, hanci a ɗaure, hannu da safar roba, yara kuma suna gidan maƙwabta. Ina gargaɗin 'yan'uwana mata kada a kuskura a haɗa bilic da ruwan wankin masai, domin haɗin yana tayar da iska mai guba. Muka sa raga a tagogi don a riƙa barinsu a buɗe, maigida ya sa aka huda wata ƙaramar taga a bangon da ke fuskantar ta farko yadda iska za ta shiga ta fita, aka yi wa yaron gado, aka matsar da kabad ɗin kamar faɗin tafin hannu daga bango. Daga baya na ji cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna tun 2009, inda ta danganta su da tari da asma, ni kuwa a jikin ɗana na karanta. Bai rabu da maganinsa ba, amma yanzu muna kwana.

Mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, New Bell, Duwala

Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya mai ɗorewa. Abin da kika yi daidai ne ga ɗakin da ba shi da na'ura, amma ina so in ja hankalin masu na'ura, domin su shawarar buɗe taga tana iya cutar da su. A nan Duwala ruwan shekara ya haura milimita 3,000, kuma gidajen da na fi ganin fumfuna a cikinsu ba na talakawa ba ne, na masu hali ne da otal-otal.

Dalilin yana ga kofin ruwan sanyi, wanda kowa ya ga yadda yake zufa a waje alhali ba ya yoyo. Idan zafin iska ya kai digiri 30 kuma laimarta ta kai kashi 80 cikin 100, duk abin da sanyinsa ya yi ƙasa da kimanin digiri 26 zai tara raɓa. To mutum ya sa na'urarsa a 16 ko 18, bango da silin su yi sanyi, sannan wuta ta ɗauke ko ya kashe ya buɗe taga, iskar waje ta shigo ta sauke ruwanta a kan komai. An taɓa kirana wani gida wai na'ura tana yoyo a falo. Na hau cikin silin da tocila, na tarar bututun tagulla an bar shi tsirara wajen kamu uku babu soson da ake naɗe shi da shi, yana ɗiga a kan fi-o-fi, wato farar filastar da aka yi silin da ita, kamar famfon da bai rufu ba, katakon da ke riƙe da silin ɗin ya yi baƙi har ya fara ruɓewa. Soson da zai hana wannan ɓarnar bai kai kuɗin buhun siminti ba.

Abu na biyu shi ne son babbar na'ura. Mutum yana da ƙaramin ɗaki sai ya sayi mai ƙarfin doki biyu don ya yi sanyi da wuri. Tana kuwa sanyaya shi cikin 'yan mintoci ta tsaya, alhali tatse ruwa daga iska yana bukatar ta daɗe tana aiki, sai ɗakin ya zama mai sanyi da laima a lokaci guda, zanen gado yana danƙo. Na'urar da ta yi daidai da ɗaki, a sa ta a 24 ko 25, ta fi busar da shi, kuma abin da ake nema shi ne laimar ciki ta zauna ƙasa da kashi 60. Akwai ƙaramin agogon auna laima da ake sayarwa da araha, ni ba na zuwa aiki ba tare da shi ba.

Na uku ya shafi maganar Baba a kan fenti. A ƙasar zafi da laima, tururin ruwa daga waje yake turowa zuwa cikin ɗaki mai sanyi, saboda haka duk wanda ya manna takardar ado ta roba a bangon ciki ya yi masa tarko. Na taɓa ɓare irin wannan takarda a ɗakin wani otal, fuskarta tsaf, bayanta kuwa baƙi ƙirin. Kariya daga ruwa a fuskar waje ake yin ta, ta ciki a bar ta tana shan iska.

Uwar yara huɗu, Zangon Kumasi

Malam, na gode da wannan gyara, domin ƙanwata tana da na'ura a ɗakinta kuma ni ce na ce mata ta riƙa buɗe tagogi da zarar ta kashe ta. Yau zan kira ta. Abin da na fahimta shi ne ɗaki ya zama ɗaya daga cikin biyu, ko a sake shi iska ta ratsa, ko a rufe shi ruf na'ura ta busar da shi.

Malamin makaranta, Zariya

Kada 'yan'uwa na arewa su ɗauka wannan magana ta mutanen kudu ce kaɗai, domin idan marka ta kankama a watan Agusta mu ma muna ɗanɗanawa. Na gina gidana da irin rufin nan da ake ɓoye kwano a bayan bango, saboda na ga yana da kyau a ido, ruwan duka yana taruwa a wata kwata ta kankare a saman gini. Damina ta biyu ganye da leda suka toshe bututun, ruwa ya kwanta ya bi tsaga, na wayi gari kusurwar ɗakin karatuna ta yi taswira, littattafai goma sha ɗaya sun manne da juna. Abin da ya dame ni shi ne gidan kakana na ƙasa yana nan a cikin birni, indararonsa dogo yana watsa ruwa nesa da bango, kuma a da duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi soron da yaɓe da makuba an toshe kowace tsaga. Kakanninmu sun san cewa rufi abin dubawa ne kowace shekara, ni kuwa na ɗauka kankare ya ɗauke mini wannan aiki. Yanzu na ƙara bututu na biyu, na sa an shafe kwatar da kwalta, kuma kowane watan Afrilu da kaina nake hawa in share. Darasin da na biya da tsada shi ne abin da ya jiƙe a fitar da shi a busar cikin kwana ɗaya ko biyu. Littattafan da na bari har mako su ne suka tafi.

Mai sayar da shadda, Agege, Legas

Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na yi gwajin ledar a wuri biyu kamar yadda ka ce. Wadda na manna a gindin bango ta tara ruwa a bayanta har yana gangarowa, wadda na sa a sama kusa da silin kuwa bayanta a bushe yake. Na zagaya bayan ginin, abin da ban taɓa yi ba cikin shekara uku, na tarar bututun da ke sauko da ruwan bene ya karye daidai bangona, gansakuka ta yi kore a wurin, ƙasan kuma ta fi daɓen ɗakina tudu. Na kai mai gidan ya gani da idonsa, ya yarda zai gyara bututun, amma maganar fasa siminti da yin magudana ya ce sai mun raba kuɗin, kuma na amince. Kayan na ɗora su a kan katako mai ƙafa, na janye su daga bango, tagar kuma an cire katakon an sa ƙarfe da raga. Abin da ya rage mini tambaya ce gare ka, Baba: idan aka sassaƙe filastar a watan Nuwamba, zuwa Fabrairu bulon zai bushe yadda za a iya mayar da sabuwa, ko in ƙara haƙuri har Maris?