Feedback da Hausa: martani, tsokaci ko ji-ka-gyara?

Mai fassara: Salamu alaikum jama'a. An ba ni fassarar takardar horar da ma'aikata kan manhajojin nan irin su Viva Glint na Microsoft da Peakon, wanda kamfanin Workday ya saya a 2021. Lokaci-lokaci suna turo wa ma'aikaci 'yan tambayoyi a waya, ƙirƙirarriyar basira ta karance amsoshin, ta ce wa manaja sashen kaza aikin dare ya ishe su, ga kuma shawarar abin yi. Tambayoyin ma kan sauya gwargwadon abin da aka amsa a baya. Kalmar feedback ce ta tsaya mini a wuya. Martani na rubuta, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Gara da ba ta kwanta ba. A bakin 'yan jarida martani na biyo bayan zargi ne: an soki gwamna, ya mayar da martani. Ka ce wa masinja ga martanin oga, zai ɗauka takardar tuhuma ce. Tsokaci kuwa na ɗan kallo ne, ya faɗi nasa ya kama gabansa, ba ruwansa da a gyara ko kar a gyara. Ra'ayi ya yi faɗi da yawa.

Ma'aikaciyar banki: Malam, mu dai a ofis fidbak muke cewa, kuma kowa na ganewa. Ni da za a bi ta tawa, 'yar rahoto zan kira manhajar. Ana cewa ba a ganin suna, kuma ba a nuna amsoshi sai sun kai kamar biyar a haɗe su, to a reshen da muke mu shida, waye bai san salon rubutun wani ba? A 2020 sai da aka yi wa Microsoft ca kafin ta cire sunayen ma'aikata daga Productivity Score, ma'auninta na yadda ma'aikata ke amfani da manhajojinta. Tarayyar Turai kuma tun Fabrairun 2025 ta hana amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen karanta yanayin zuciyar ma'aikaci daga fuskarsa ko muryarsa a wurin aiki, sai don lafiya ko tsaro.

Malamin Hausa: Hajiya, tsoronki na kan hanya, amma shi ne ma dalilin zaɓen sunan da zai ɗaure manaja. Ina ba da shawarar ji-ka-gyara. Ginin ba baƙo ba ne, muna da ka-ce-na-ce da ba-ni-in-ba-ka. Yana aiki sama da ƙasa: oga ya ji daga ma'aikata ya gyara, ma'aikaci ya ji daga oga ya gyara. Kuma Bahaushe ya riga ya ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka babu ɗaci a ciki. Manhajar da aka tara mata amsoshi wata shida ba a sauya ko jadawalin aiki ba, ba ta ci sunan ba.

Mai fassara: Allah ya ƙara basira, Malam. Saura kalmomi biyu a takardar, adaptive da engagement.

Malamin Hausa: Na farko, mai bin hali. Na biyu, kishin aiki. Ƙwazo ba zai yi ba, don mutum kan yi ƙwazo saboda tsoron kora. Abin da William Kahn, masanin halayyar ma'aikata, ya bayyana a matsayin engagement a 1990 shi ne mutum ya shiga aiki da jikinsa da hankalinsa da zuciyarsa. Gallup, cibiyar binciken jin ra'ayin jama'a, ta ce a 2024 kashi 21 cikin 100 ne kawai na ma'aikatan duniya ke da shi.

Ma'aikaciyar banki: To in mace ce manajar, ji-ki-gyara ke nan?

Malamin Hausa: A'a, ranki ya daɗe. Ko mata biyu ne ke gardama, ka-ce-na-ce ake cewa.

Mai fassara: Na rubuta: manhajar ji-ka-gyara mai bin hali, don ƙara wa ma'aikata kishin aiki. Zan sa fidbak sau ɗaya a shafin farko saboda su Hajiya.