Haƙorina na turmi ya yi rami, a cire ko a yi rut kanal?

Salam jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min da shawara. Turmina na ƙasa ɓangaren hagu ya daɗe da yin rami, da can sai in na sha ruwan sanyi yake min tsam ya lafa, amma yanzu shi kaɗai yake tashi cikin dare yana zugi har cikin kunne, ga dasashin wajen ya fara kumbura. Farasitamol da ibufurofen ɗin da nake sha awa kaɗan suke riƙe ni.

Na je wani kilinik an ɗauki hoto, likitan ya ce ramin ya kai jijiya, ciko ba zai yi ba, ko dai a yi rut kanal wato a kwashe jijiyar a wanke ciki a toshe sannan a sa mai hula, ko kuma a cire shi gaba ɗaya. To ni dai cirewar nan ba ta kwanta min ba, don ya ce in giɓin ya daɗe na kusa da shi sukan karkata, amma kuma kuɗin rut kanal ɗin ba wasa ba, ga zuwa fiye da sau ɗaya.

Wanda aka taɓa yi wa, yana ɗorewa kuwa? Hular dole ce ko ana iya jinkirta ta? Sannan ya ake gane likitan haƙori mai lasisi na gaske, don bana so in faɗa hannun ɗan koyo wallahi. Asibitin koyarwa ya fi ko na kuɗi? Kumburin nan kuma zai iya jira ko in koma gobe-gobe?