Wa ke auna ƙarfin riƙo, yatsa ko ƙwaƙwalwa?

Malam Sani: Ni dai ina nan a kan bakana. Hannu ba ya sanin ƙarfin da zai sa sai ya taɓa abu ya ji nauyinsa. Fatar yatsa ta kai rahoto, sannan ƙwaƙwalwa ta ce a ƙara ko a rage. Ba a banza tafin hannu da yatsunsa suke da jijiyoyin ji kusan 17,000 ba.

Hadiza: Malam, to me ya sa in mutum ya ɗauki jarkar da yake zaton cike take, alhali ba komai ciki, sai hannunsa ya yi sama da ita fiu? Da jira yatsu suke su ji nauyi tukuna, hakan ba za ta faru ba. An riga an yanke ƙarfin kafin jarkar ta bar ƙasa.

Usman: Ido ne ke nan, Anti. Shi ke ƙiyasta nauyin.

Hadiza: Ido da abin da hannu ya saba, ƙanena. A 1984 Roland Johansson da Göran Westling na Jami'ar Umeå a Suwidin sun sa mutane ɗaga wani ɗan abu da babban yatsa da manuniya, na'ura na auna ƙarfinsu. Sun ga ƙarfin matsewa da na ɗagawa tare suke hawa, ba ɗaya ke jiran ɗaya ba. Daga baya, a 1988, sun ga in aka sauya nauyin a ɓoye, ɗagawar farko da ƙarfin nauyin baya ake yin ta.

Malam Sani: Ai gwajin nasu na 1984 hujjata ce, 'yata. Sun liƙa siliki a wajen riƙon, sun kuma liƙa samfefa. A kan siliki mutane suka fi matsewa, kuma gyaran na zuwa cikin kamar kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa bayan taɓawa. Da aka yi wa yatsun allurar kashe ji, sai suka daina bambance santsi da kaushi. Wane hasashe ne ya cece su?

Hajiya Rabi: A nan kam Malam na da gaskiya. Ina aikin gashin ƙashi, ina ganin waɗanda jin yatsunsu ya mutu. Na miƙa wa wata baiwar Allah kofin roba, ta matse shi har bakinsa ya lanƙwashe, farcenta ya yi fari, ita kuwa ba ta sani ba. Tana kawar da ido sai ya sulɓe. Mai lafiya ɗan rara kawai yake ɗorawa a kan abin da zai hana sulɓewa, in abu ya fara zamewa kuma yatsunsa sun damƙe kafin shi kansa ya farga.

Hadiza: Ban musa ba, Hajiya. Amma wannan gyara ne, ba shi ne shiri ba. Ki riƙe kwalba ki yi ta kaɗa hannu sama da ƙasa: riƙon na ƙaruwa daidai lokacin da nauyin ke ƙaruwa, ba bayansa ba. Saƙon da zai je ya dawo ba ya iya wannan. Masu lahani a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya fatarsu na ji sarai, duk da haka wannan daidaiton na rikice musu.

Usman: Abin da ya ɗaure min kai shi ne akwatuna biyu masu nauyi ɗaya, babba da ƙarami. Kowa cewa yake ƙaramin ya fi nauyi.

Hadiza: Tun 1891 wani likita mai suna Charpentier ya bayyana wannan a Faransa. A 2000 kuma masu bincike Flanagan da Beltzner suka nuna cewa bayan 'yan ɗagawa kaɗan yatsu na gyara ƙarfinsu daidai, amma mutum ya ci gaba da rantsuwa ƙaramin ya fi nauyi.

Malam Sani: To wa ya koya wa yatsun wannan gyaran in ba fata ba? Na yarda nauyi ana hasashensa, na sauka daga wannan. Santsi kuwa sai an taɓa. Ku jiƙa gilashi da ruwan sabulu ta gefen da ido ba ya gani, ku miƙa wa mutum, sannan ku zo ku gaya min ta ina ƙwaƙwalwarsa za ta sani.